Tarihin Mabuɗan Sirri da Hatimin Saƙo a Na'urar Cirar Kuɗi

Na'urar cirar kuɗi, wadda jama'a suka fi sani da ATM, ba ta da ikon yanke hukunci a kan kuɗin da ke cikinta, domin duk lokacin da mai asusu ya sa katinsa ya danna adadin da yake so, sai ta aika tambaya zuwa babbar kwamfutar banki, ta jira amsa, sannan ta ƙirgo kuɗin ko ta hana. Wannan tsari ya ɗora amanar dukiya mai yawa a kan gajerun saƙonni guda biyu da ke bin waya, ɗaya mai tafiya ɗaya mai dawowa, kuma tun ranar da aka fara haɗa na'urorin da bankuna aka fuskanci matsaloli biyu waɗanda ake yawan cakuɗa su ko da yake sun bambanta. Ta farko ita ce yadda za a ɓoye lambar sirrin mai kati daga idon duk wanda ke sauraren wayar, ta biyu kuma ita ce yadda kowane ɓangare zai tabbatar cewa saƙon da ya iso masa ya fito daga abokin hulɗarsa na gaskiya, ba a kuma sauya ko harafi ɗaya a hanya ba. Matsala ta farko ta samu kulawa da wuri, amma ta biyun, wato tantance saƙo, ta daɗe ana ɗaukarta a matsayin ƙarin da banki zai iya yi ko ya bari, kuma wannan sakaci ya janyo asarar da ba a rasa ilmin kauce mata ba.

Na'urorin farko ba su san wannan damuwa ba, saboda ba sa magana da kowa. Wadda bankin Barclays ya buɗe a Enfield da ke arewacin Landan ranar 27 ga Yuni, 1967, ƙirar kamfanin De La Rue ƙarƙashin jagorancin John Shepherd-Barron, tana karɓar wata takarda ce ta musamman da banki ya riga ya bai wa mai asusu, ta gwada ta da lambar da ya danna, ta fitar masa da fam 10, sannan ma'aikata su cire kuɗin daga asusunsa daga baya. A shekarar 1966 injiniyan Sikotland James Goodfellow ya riga ya yi rajistar dabarar haɗa kati da lambar sirri, kuma a watan Satumba na 1969 Chemical Bank ya kafa na'urar kamfanin Docutel a Rockville Centre da ke jihar New York, mai karanta kati mai zanen maganaɗisu. Duk waɗannan suna yanke hukunci ne su kaɗai, wanda ke nufin dole a ajiye sirrin tantance lambar a cikin kowace na'ura, kuma babu hanyar da na'urar za ta san ko akwai kuɗi a asusun a daidai wannan lokaci. Sauyin ya zo a watan Disamba na 1972, lokacin da bankin Lloyds na Ingila ya fara aiki da na'urar IBM 2984, wadda ke haɗe kai tsaye da kwamfutar banki, ta bai wa mutum damar zaɓar adadin da yake so, a kuma cire shi daga asusunsa nan take. Wannan ci gaba ya toshe ƙofa ɗaya ya buɗe wata, domin daga lokacin hukuncin biya ya koma abin da ke tafiya a kan layin tarho, wanda duk mai fasaha da ya samu kaiwa gare shi zai iya saurara ko ya sa baki.

Amsar da aka samo ta fito ne daga ilmin rubutun sirri, wato sarrafa saƙo ta hanyar lissafi har ya zama tarkacen da ba ya karantuwa sai ga wanda ke riƙe da mabuɗi, shi kuwa mabuɗi a nan wata doguwar lamba ce da ɓangarorin biyu kaɗai suka sani. A kamfanin IBM, Horst Feistel da abokan aikinsa sun ƙirƙiro tsarin da suka kira Lucifer, kuma aikin kare na'urorin Lloyds yana cikin abubuwan da suka fitar da wannan bincike daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa. Lokacin da hukumar ma'aunai ta gwamnatin Amurka, wadda yanzu ake kira NIST, ta nemi tsarin ɓoye bayanai na bai ɗaya a 1973 da 1974, IBM ta miƙa gyararren tsarin nata, aka kuma wallafa shi a watan Janairu na 1977 da sunan DES. Yana aiki a kan gutsuren bayani mai bit 64, bit kuwa shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani a kwamfuta, wanda ba ya wuce sifili ko ɗaya, kuma mabuɗinsa yana da bit 56 masu aiki. Tun a lokacin Whitfield Diffie da Martin Hellman suka yi gargaɗin cewa mabuɗin ya yi gajarta, amma bankuna suka rungume shi, ya zama ginshiƙin harkar har fiye da shekara 20.

A ɗaya ɓangaren kuma, injiniya Mohamed Atalla, haifaffen Port Said a Masar, wanda ya riga ya yi suna a ɗakunan binciken Bell saboda ƙirƙiro wani nau'in tiransista tare da Dawon Kahng, ya kafa kamfaninsa a Kalifoniya a farkon shekarun 1970, ya fitar da akwatin da aka sani da Atalla Box a 1973. Hikimar wannan akwati ita ce mabuɗai ba sa fitowa fili a cikin babbar kwamfuta inda masu rubuta manhaja da masu kula da ita za su iya ganinsu. Suna zaune ne a cikin wata keɓantacciyar na'ura mai tsaro, wadda ke karɓar aiki ta yi lissafin a cikinta ta mayar da sakamako kawai. Irin wannan akwati, wanda ma'aikatan harkar ke kira HSM, shi ne har yau zuciyar kowace cibiyar hada-hadar kati, kuma an ƙera na zamani ta yadda zai goge duk abin da ke cikinsa idan aka yi yunƙurin fasa shi.

Ɓoye lambar sirri bai kare sauran saƙon ba. Adadin kuɗi da lambar asusu da umarnin biya duk suna iya tafiya a fili, kuma ko da an ɓoye su, ɓoyewa kaɗai ba ta hana a sauya su ko a sake aiko da tsohon saƙo da aka naɗa. Abin da ke magance wannan shi ne lambar tantance saƙo, wadda aka fi sani da MAC, kuma aikinta ya yi kama da na hatimin da ake bugawa a wasiƙar sarki, wanda ba ya hana a karanta wasiƙar amma yana shaida daga inda ta fito, sai dai wannan hatimi na lissafi ya ɗara wancan da cewa siffarsa tana sauyawa da kowane harafi na wasiƙar. Yadda ake samar da shi a tsarin farko shi ne a yanyanka saƙon gutsure-gutsure masu bit 64, a ɓoye gutsuren farko da DES ƙarƙashin mabuɗin tantancewa, a gauraya sakamakon da gutsure na biyu a sake ɓoyewa, a ci gaba da haka kamar sarƙa har ƙarshen saƙon, sannan a ɗauki bit 32 na farko daga sakamakon ƙarshe a liƙa su a jikin saƙon. Mai karɓa, wanda ke da mabuɗi iri ɗaya, sai ya maimaita lissafin a kan abin da ya iso masa. Idan hatimin da ya samu ya yi daidai da wanda aka liƙa ya amince, idan ya saɓa ya yi watsi da saƙon. Wanda ba shi da mabuɗin, damar da yake da ita ta cankar hatimin daidai ɗaya ce cikin sama da biliyan 4. Domin a hana sake aiko da tsohuwar amsa, sai ake sa wata lamba mai sauyawa da kowace hulɗa a cikin abin da hatimin ya rufe, ta yadda amsar da banki ya bayar ga tambayar jiya ba za ta yi aiki ga tambayar yau ba.

Kwamitin ma'aunan harkar kuɗi na Amurka ya rubuta wannan hanya a ƙa'idar X9.9 ta 1982, wadda aka tsara domin manyan kuɗaɗen da bankuna ke tura wa juna, sannan a 1986 aka fitar da X9.19 domin hulɗar yau da kullum ta masu kati. Wannan ta biyun ta zo da wata dabara ta tattalin aiki da har yanzu ake amfani da ita: ana bin sarƙar duka da mabuɗi ɗaya, sai a gutsuren ƙarshe kaɗai a ƙara zagaye biyu, ɗaya da mabuɗi na biyu ɗaya da na farko, abin da ke ƙarfafa hatimin ba tare da an ɗora wa raunanan na'urorin wancan zamani nauyin lissafi mai yawa ba. Lokacin da ƙungiyar ma'aunai ta duniya ta fitar da ISO 8583 a 1987, wato tsarin da ya tanadi gurbin kowane bayani a saƙon hulɗar kati, ta ware gurbi na 52 ga ɓoyayyiyar lambar sirri, gurbi na 64 da na 128 kuma ga hatimi. Haka ma harsunan da kamfanonin ƙera na'urorin suka tsara domin magana tsakanin na'ura da banki, irin su NDC na kamfanin NCR da 912 na Diebold, sun tanadi hatimi. Sai dai a ko'ina cikin waɗannan an bar shi a matsayin zaɓi, kuma bankuna da dama sun bar gurbin fayau, suna dogaro da cewa layukan da suka yi haya daga kamfanonin tarho nasu ne su kaɗai.

Duk ƙarfin wannan lissafi ya rataya ne a kan tambaya guda, wato yadda mabuɗi zai shiga cikin na'urar da ke bakin titi ba tare da wani ya san shi ba, kuma a nan ne aka gina wata al'ada ta aiki da ta cancanci a dube ta da kyau. An jera mabuɗai hawa-hawa. A sama akwai babban mabuɗin na'ura, wanda ba a taɓa saƙon hulɗa da shi, aikinsa kawai shi ne lulluɓe sauran mabuɗai idan za a aiko su ta waya. A ƙarƙashinsa akwai mabuɗan aiki, ɗaya na ɓoye lambar sirri, ɗaya na buga hatimi, waɗanda banki ke iya sauyawa daga nesa a duk lokacin da ya ga dama. An raba su ne da gangan, domin mabuɗin da ke yin aiki biyu yana bai wa maƙiyi damar amfani da ɗaya aikin ya warware ɗayan. Babban mabuɗin kuwa ba shi da wanda zai lulluɓe shi, saboda haka sai an kai shi da ƙafa. Akwatin tsaro na banki yana fitar da shi a matsayin yanki biyu ko uku, a buga kowane yanki a rufaffiyar ambulan mai nuna alama idan an buɗe ta, a damƙa wa ma'aikata daban-daban waɗanda ba a yarda ɗayansu ya ga yankin ɗan'uwansa ba. Kowane yanki tsawonsa ɗaya da cikakken mabuɗin, alamomi 16 a zamanin DES, 32 daga baya, a rubuce da ƙirgan da ke amfani da 0 zuwa 9 da A zuwa F, kuma ana haɗa yankunan ta hanyar kwatanta su bit da bit, inda suka yi daidai a samu sifili, inda suka saɓa a samu ɗaya. Amfanin wannan hanya shi ne mai riƙe da yanki ɗaya bai san komai game da mabuɗin ba, ko rabinsa.

A ranar shigarwa, sai a juya na'urar zuwa yanayin mai kula, ma'aikaci na farko ya danna yankinsa a kan allon lambobi yayin da na biyu ya kau da kai, sannan su yi musaya. Tun da ba a yarda na'urar ta nuna mabuɗin ba, sai aka samar da lambar gwaji: na'urar tana ɓoye gutsuren da babu komai a cikinsa sai sifili ƙarƙashin sabon mabuɗin, ta nuna alamomin farko na sakamakon, galibi guda 6, a kwatanta su da waɗanda banki ya rubuta. Idan suka dace an san an danna daidai, sai a lalata takardun a gaban shaida, kowa ya sa hannu a littafin rajista. Idan aka yi kuskuren alama ɗaya ba a lura ba, ko aka kunna hatimi a na'ura ba a kunna shi a banki ba, ko ɓangarorin biyu suka saɓa a kan waɗanne gurabe hatimin zai rufe, kowace hulɗa za ta faɗi, kuma irin wannan wahala ce ta sa wasu masu kula suka riƙa zaɓar kashe hatimin gaba ɗaya maimakon neman inda saɓanin yake.

A 1993 Ross Anderson na Jami'ar Cambridge ya wallafa wata maƙala mai suna Why Cryptosystems Fail, bayan ya nazarci ɗimbin ƙorafe-ƙorafen masu asusu a Birtaniya waɗanda aka cire musu kuɗin da ba su cira ba, bankunansu kuma suka dage cewa tsarinsu ba ya kuskure. Abin da ya gano shi ne kusan babu satar da aka yi ta hanyar karya lissafin. An yi su ne ta kurakuran manhaja, da ha'incin ma'aikatan ciki, da sakaci wajen bin ƙa'ida. Ya ambaci manajojin reshe da ke miƙa wa injiniyan gyara duka yankunan mabuɗin domin ya danna musu, abin da ke rushe dalilin rabawar tun daga tushe, ya kuma nuna cewa cibiyoyi da yawa ba sa tantance amsar da ke komawa ga na'ura, ta yadda wanda ya naɗi umarnin biya sau ɗaya zai iya maimaita shi har kuɗin ciki su ƙare. Darajar wannan aiki ta wuce fasaha, domin ya nuna cewa idan banki ya yi sakaci, mai ƙaramin asusu ne ake fara tuhuma da ƙarya, kuma shi ne mafi ƙarancin ikon kare kansa. Shekara 10 bayan haka, a 2003, Mike Bond da Piotr Zieliński, su ma daga Cambridge, suka nuna cewa ma'aikacin ciki zai iya yaudarar akwatin tsaron kansa ta hanyar sauya wani jadawali da tsohon tsarin IBM 3624 ke amfani da shi wajen samar da lambar sirri, har ya gano lambar da gwaji kimanin 15.

Shi ma lissafin lokacinsa ya zo. A watan Yuli na 1998 ƙungiyar Electronic Frontier Foundation ta ƙera wata na'ura da kuɗin da bai kai dala 250,000 ba, ta lalubo mabuɗin DES cikin sa'o'i 56 daga cikin mabuɗai sama da tiriliyan dubu 72 da ke yiwuwa, kuma a watan Janairu na 1999 aka rage lokacin zuwa ƙasa da kwana ɗaya. A shekarar ce aka janye X9.9. Kamfanonin Visa da Mastercard suka wajabta komawa ga DES mai zagaye uku a farkon shekarun 2000, lamarin da ya tilasta sauya allon lambobin na'urori masu ɗimbin yawa zuwa sabon nau'i da ke ɓoye lambar sirri a cikin kansa tun daga lokacin da yatsa ya taɓa shi, kuma a cikin wannan allo ne ake ajiye mabuɗai a yau. Tsarin AES, ƙirar 'yan Beljiyam Joan Daemen da Vincent Rijmen, ya zama ma'auni a 2001, amma shigarsa harkar na'urorin cirar kuɗi ta yi jinkiri ƙwarai saboda tsadar sauya kayan aiki. A daidai wannan zamani ne harkar ta bunƙasa a Najeriya, bayan kafa kamfanin Interswitch a 2002 wanda ya haɗa na'urorin bankuna daban-daban, sannan Babban Bankin Najeriya ya umarci a bar kati mai zanen maganaɗisu a koma ga mai ƙwaƙwalwar lantarki, wanda shi kansa yana buga hatiminsa a kan kowace hulɗa da mabuɗin da ke cikinsa.

Buƙatar bai wa kowace na'ura mabuɗinta na daban, haɗe da tsawaitar mabuɗan, ta sa aika mutum biyu zuwa kowane lungu ya yi tsada, saboda haka aka koma ga shigar da mabuɗi daga nesa. Wannan ya dogara ne da dabarar da Diffie da Hellman suka gabatar a 1976, Rivest da Shamir da Adleman kuma suka ba ta siffar aiki a 1977, inda kowane ɓangare ke da tagwayen mabuɗai, ɗaya na fili da kowa zai iya kullewa da shi, ɗaya na ɓoye da shi kaɗai ke buɗewa. Kamfanin ƙera allon lambobi yana dasa masa nasa tagwayen tun a masana'anta tare da shaidar sa hannu, banki ya tantance shaidar, sannan ya aiko da babban mabuɗin a kulle. An tsara wannan a kashi na biyu na ƙa'idar X9.24 da kuma takardar TR-34. Wata takardar, TR-31, ta tanadi a naɗe kowane mabuɗi tare da bayanin aikin da aka halatta masa, a kuma buga wa ƙunshin hatimi, domin kada a ɗauki mabuɗin lambar sirri a gabatar da shi a matsayin na wani aiki. Majalisar PCI, wadda Visa da Mastercard da American Express da Discover da JCB suka kafa a 2006, ta wajabta wannan naɗi a matakai uku, na ƙarshensu wanda ya shafi na'urorin cirar kuɗi ya fara aiki a watan Janairu na 2025.

Yayin da ake ƙarfafa waya, masu kai hari suka karkata zuwa bakinta biyu. A 2010 Barnaby Jack, mai binciken tsaro ɗan New Zealand, ya sa na'urori biyu suka yi ta aman kuɗi a dandalin taron Black Hat a Las Vegas ta hanyar dasa musu manhajarsa, daga baya kuma masu ƙera na'urorin suka fara tantance saƙonnin da ke tafiya a cikin na'urar kanta, tsakanin kwamfutarta da sashen da ke ƙirgo kuɗi. A ɗaya bakin kuma, hukumomin Amurka sun fitar da gargaɗi a watan Oktoba na 2018 game da harin da suka kira FASTCash, wanda suka danganta da gwamnatin Koriya ta Arewa, aka kuma kai shi ga bankuna a Afirka da Asiya. Maharan sun dasa manhaja a kwamfutar da ke karɓar tambayoyin ISO 8583 a bankin mai kati, tana tare tambayoyin wasu katunan da suka zaɓa tana mayar da amsar amincewa ta jabu, har aka kwashi kuɗi a lokaci guda daga na'urori a ƙasashe sama da 30 a wani hari na 2017, da ƙasashe 23 a wani na 2018. Hatimin da ke tsakanin na'ura da bankin da ya kafa ta ba zai hana wannan ba, tun da an gurɓata amsar kafin ta iso wannan zango. Shi ya sa cikin shawarwarin da gargaɗin ya bayar akwai a wajabta hatimi a kan amsoshin bankin mai kati a kuma riƙa duba shi, tare da duba hatimin da katin ya buga, wato matakan da ƙa'idojin harkar suka riga suka tanada tun shekarun 1980 da 1990, waɗanda ba su zama dole a kowane zangon tafiyar saƙon ba.